Hular Ɗan Fari

Ban kai shekarun da ake jingina da bango a ce "a zamaninmu" ba. Ko furfura ɗaya ba ta fito min ba tukuna. Amma a Alƙahira ba sai mutum ya tsufa yake rasa ƙuruciyarsa ba. Fili ɗaya za a kewaye da kwano, motocin siminti su yi ta shige da fice, kafin ka ankara an binne ta a ƙarƙashin dogon bene. Kwanan baya na bi ta inda filinmu yake a da, a Hadayek el-Ma'adi, jikin katangar layin jirgin ƙasan da ake ce wa metro, na tarar da kantin sayar da wayoyi daidai wurin da ake ajiye duwatsun gola. Na tsaya ina dube-dube kamar wadda ta yar da allura, har mai kantin ya leƙo ya tambaye ni ko caja nake nema. Da ma tun kafin ranar zuciyata tana can, saboda wani saƙo da yayana ya aiko daga Ireland yana dariya, wai ƙungiyarsu ta wasa ta rabu biyu a kan ko kowa zai riƙa sa hular kwano mai launi ɗaya. A wurinsa abin raha ne. Ni kuwa na taɓa ganin wannan gardamar da idona, na kuma san a kan wa ta ƙare.

Iyayenmu Hausawan Sudan ne, daga wani ƙauye a bakin Nilu. An shigo da ni Masar a goye, Yaya kuma yana tafe da ƙafarsa riƙe da buta. Baba ya yi dakon kaya a kasuwar Ataba har ƙirjinsa ya gaza, ya rasu ban gama sanin fuskarsa ba. Sai Inna ta riƙe mu da kisra, wainar dawar nan siririya kamar takarda da mutanen Sudan ba sa iya rabuwa da ita. Tana yi tun asuba a kan faranti mai zafi, ni ina ninkewa ina jerawa. Abin da na fi riƙewa daga wancan lokaci sauti ne. Mai gas yana buga sifana a jikin tukunya, ƙwal-ƙwal, tun daga bakin layi. Mai sayen tsofaffin kaya yana jan muryarsa kamar mai cigiyar ɗan da ya ɓata. Igiyar kwandon da maƙwabciyarmu ke zurawa daga bene don mai burodi ya sa mata, tana gogar ƙarfe tana kuka. Idan metro ya wuce tagogi su yi rawa, kofunan shayi su gaisa da juna a kan tire. Yanzu duk wanda ka gani da abu toshe a kunnensa, ba mai sauraren unguwa, burodin ma ta waya ake saye, wani a kan babur ya kawo bai san sunan kowa ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar kuwa sauti ɗaya ne ke danne sauran, ƙwas, ƙarar sanda a kan ƙodago. Ƙwallon gora ne irin na ƙauye, wanda iyayenmu suka taho da shi a ka tunda ba shi da nauyi. Sandunan daga reshen dabino ake sassaƙa su, a bar gindin mai lanƙwasa. Ƙwallon kuwa goriba ce. Ana sayo ta wurin masu kayan ƙamshi, a ba mu mu 'yan mata ƙanana mu gwaguye ta tas har muƙamuƙinmu ya gaji, sannan a karɓe ƙodagon a kai fili. Shi ya sa har yau nake ganin da mu aka ci kowane wasa. Mai busa usur da raba faɗa wani tsoho ne da kowa ke ce wa Kawu, abokin Baba tun daga ƙauye, mutum mai ɗingishi da kaifin baki. Idan saurayi ya zubar da ƙwallo a gaban gola, sai Kawu ya ce masa da ya zauna a gida ya taya uwarsa tsinkar lalo, da yanzu an ci moriyarsa.

Ƙodago ba ya wasa da kai. Da ya fasa wa wasu goshi, sai mata suka shiga ɗinka huluna masu kauri, a cusa musu audugar tsohuwar katifa, a sa igiyar ɗaurewa a haɓa. Ba wanda ya ce ga launin da za a yi. Kowace mace ta buɗe akwatinta ta ciro abin da ya saura, guntun atamfa, gefen lafayar da ta yage, tsohon labule. Sai filin ya zama kamar lambun da kowa ya shuka abin da ransa ke so. Akwai ja, akwai mai zanen tsuntsu, akwai wata kore shar da kowa ya san rigar matashin kai ce a da. Aka daina kiran 'yan wasa da sunayensu, da hula ake kiran su: Jan-kai, Mai-tsuntsu, Labule. Ba a taɓa ruɗewa wajen gane ɗan gida ba, don kowa ya haddace hulunan ɓangarensa kamar karatun allo. Yayana shi ne Rawaya.

Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa ta tashi a gidan da kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Wancan take ce masa, ko yaron nan, ko ta ce min ɗan'uwanki. Ba ta kallon fuskarsa idan yana magana. In ya shigo da sallama sai ta amsa tana kallon tukunya. In baƙi suka yaba hankalinsa sai ta tambaye su ya mutanen gida. Kawu ya taɓa cewa a ƙauye wannan ba ya cutar da kowa, domin ɗan fari yana da kakar da za ta rungume shi da gwaggwannin da za su ɓata shi da gata, uwa takan ja baya ne don ta bar musu wuri. A nan kuwa ɗaki biyu ne a saman bene, ba kaka, ba uba. Inna ta ja baya kamar yadda aka koya mata, amma ba wanda ya shigo wurin da ta bari. Yaya ya girma a cikin 'ya'yan Misirawa, waɗanda iyayensu mata ke ƙwala musu kira ta taga suna ya habibi, wato ya abin ƙaunata, suna sumbatar su a ƙofar makaranta. Ina dai ganin irin kallon da yake bin su da shi.

Hular nan daga lafayar aurenta ta yanko ta, rawaya mai haske kamar garin ɗorawa. A kicin ta ɗinka ta, tana juya wa ƙofa baya, da ta gama ta miƙo min ta ce in kai wa wancan, kada a ce gidanmu ne kaɗai ba a yi ba. Daga nan wankin gidanmu ya koma ranar Juma'a. Duk matan ginin da safiyar Alhamis suke nasu, ita kuwa sai an idar da la'asar, rana ta riga ta yi sanyi, take cewa in ɗauko bokiti mu hau rufin bene mu yi shanya. Daga can ana hango filin gaba ɗaya, mutane ƙanana kamar tururuwa, ba a gane fuska. Amma rawaya ba ta ɓuya. Sai Inna ta fara baza zanen gado, ta tsaya a bayansa, idonta yana bin ɗigon nan daga wannan gola zuwa waccan. Riga ɗaya sai ta shanya ta, ta cire, ta girgiza, ta sake shanyawa. Idan Rawaya ya faɗi, hannunta ya tsaya cak a kan igiya har sai ya tashi. Idan ya ci, ba ta ko murmushi, sai ta ce yau iska na da kyau, kaya za su bushe da wuri. A duk mako wannan ne lokacin da take kallon ɗanta har ta ƙoshi, ba mai ganin ta sai ni da tattabarun maƙwabcinmu da ke kewaya sama yana kaɗa musu tsumma a kan gora. Ni ma ban taɓa nuna na gane ba. Ƙarama ce ni, amma na san akwai abin da in ka kira sunansa yake gudu.

Gardamar ta zo ne tare da ɗaliban unguwar Faisal. 'Yan Najeriya ne masu karatun addini, suka ji labarin wasanmu suka riƙa cika mikrobas, ƙaramar motar haya, suna zuwa ran Juma'a, har suka kafa tasu ƙungiyar. A cikinsu akwai wanda ake ce wa Ustaz, mutumin kirki mai son tsari, wanda ba ya iya cewa a sha ruwa bai kawo hujja ba. Shi ya ce hular auduga ba ta kare kai yadda ya kamata, kuma gaskiya ya faɗa. Ya samo hulunan kwano na roba a Ataba, irin na masu tseren keke. Ba wanda ya ƙi wannan. Launi ne ya raba mutane. Ustaz ya ce kowace ƙungiya ta zaɓi guda, domin nizami alamar wahda ne, wato tsari alamar haɗin kai ne, jama'ar da sahunta ya daidaita zukatanta ma sukan daidaita. Kawu ya ce a sahun ma kowa da hularsa yake zuwa, shi dai tun da yake salla bai taɓa jin liman ya ce a daidaita huluna ba. Ya ce a sayo na roban, amma a bar kowa ya shafa wa tasa fentin da yake so, ko ya lulluɓe ta da tsohuwar. Ustaz ya ce wannan talfiƙi ne, ba a ɗauki nan ba a ɗauki can ba. Kawu ya ce shi bai san talfiƙi ba, amma ya san ko awakin gida ɗaya ba kala ɗaya suke ba, kuma da yamma kowace tana gane turkenta. Aka yi ta wannan a ƙofar masallaci, a wurin mai shayi, har a layin burodi.

Wanda ya fi kowa zafi a ɓangaren launi ɗaya Yaya ne, lokacin shi ne kyaftin. Dalilinsa ba na Ustaz ba ne. Samarin Misirawa sukan jeru a kan katanga suna kallo, suna ce musu igiyar shanya ta tsinke, suna ce musu kasuwar kayan miya. Ya gaji da zama abin dariya. Yana so ko sau ɗaya ne su shigo fili kamar ƙungiyar da ake nunawa a talabijin, ba kamar 'yan gudun hijirar da aka tara wa tsumma ba. Na ji shi a bakin ƙofa yana faɗa wa abokansa cewa su ba 'yan ƙauye ba ne, khalas, an wuce zamanin hular katifa. Inna tana kicin, ƙofar a buɗe.

Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Kawu da ke tsakiyar fili da usur a baki ya daɗe yana lura da zanen gadon da ba ya bushewa a rufin benenmu. Sai ya yi dabara. Ya ce tunda mata ne suka ɗinka hulunan, ba za a yar da aikin hannunsu ba a tambaye su ba, in mace ɗaya ta ce a bar launuka to a bari. Samari suka yarda, don sun san matan sun gaji da wanke audugar da ke shan gumi tana wari. Kawu ya aiko matarsa, wadda muke ce wa Goggo, nufinsa ta sami Inna ita kaɗai. Goggo kuwa mace ce da ba ta iya riƙe magana ta kwana, ta iso daidai ranar da mata suka taru a ɗakinmu shan gahawa, ta ga ai ga dama ta samu, a yi ta a gama. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ta ce ita dai a huta. Sai ta juyo wurin Inna.

"Ke fa, uwar Rawaya? Taki ce ta fi kowacce haske, ko daga kan dalar Giza ana hango ta. In kin ce a bari, an bari. Maigidana ya ce ke zan tambaya musamman."

Wata ta yi 'yar dariya a cikin kofinta, ta ce ashe shi ya sa wankin wasu ba ya ƙarewa ran Juma'a. Na ga hannun Inna ya tsaya a kan butar gahawa. Kalma ɗaya ake nema a wurinta. Amma faɗinta daidai yake da ta miƙe a gaban mata ta ce ina kallon ɗan farina, ba na iya mako ban gan shi ba. Da a kicin Goggo ta same ta, da ta sami ta inda za ta bi, ta ce asarar yadi ce, ko ta ce roba tana da zafi. A gaban jama'a, bayan wannan dariyar, ba sauran hanya.

"Ni ina na san wacce ce rawaya?" in ji Inna. "Shanya nake hawa yi. Su sa abin da suka ga dama."

Ta ci gaba da zuba gahawa, ko ɗigo bai faɗi a tire ba.

Shuɗi aka zaɓa. Juma'ar da suka fara sawa ranar karawa da 'yan Faisal ce, su kuma farare. Na ɗauka Inna ba za ta hau ba, amma ana idar da la'asar ta ce in ɗauko bokiti. Gaskiya sun yi kyau, samarin katanga ma sun tafa musu. Daga rufin bene kuwa sai ka ce an watsa murfin kwalba iri ɗaya yana ta birgima. Idon Inna ya bi wannan, ya sake shi, ya kama wancan. Tsayinsu ɗaya, gudunsu ɗaya, riguna ma an daidaita. Ranar ta yi shanya da saurin da ban saba gani ba, kamar mai aikin gidan wasu. Can sai muka ji wani ƙwas da ba irin na kullum ba, wani shuɗi ya faɗi bai tashi ba, aka yi kansa. Inna ta tambaye ni ɗan wa ne. Na ƙura ido har ya kawo ruwa, ban gane ba. Ta ce Allah ya ba uwarsa haƙuri, ta sunkuya ta ɗauko wata riga, ta girgiza, ta shanya. Ta gama bokitin tas. Muka kamo hanyar sauka tana cewa in an jima za ta leƙa gidan da abin ya faɗa ta yi musu sannu.

A matattakala muka haɗu da su sun ɗauko shi. Ƙodagon ya bi ta ƙasan hular ya same shi a baki, haƙoran gaba sun fita, jini ya jiƙe sabuwar rigar. Ɗakinmu ya cika da maza. Inna ta wuce kicin ba ta dube shi ba, ta ɗora ruwa, ta zuba gishiri, ta miƙo min kwanon ta ce in kai. Ruwan yana ta fantsalo min tun kafin in karɓa. Ina goge masa baki ya tambaye ni, da muryar da ba ta fita sosai, ko Inna ta san abin da ya faru. Na ce ta sani. Ya dubi ƙofar kicin, ya jira, ya ƙara jira. Sannan ya rufe ido ya ce ma'alish, ba komai.

Da mutane suka watse na same ta zaune a ƙasa kusa da farantin kisra. Ba kuka take ba. Abin da ta ce kawai shi ne, yana kwance a ƙasa ita tana shanya riga. Ta maimaita, kamar mai son ta ji ko maganar za ta canza. Sannan ta kama wuyan hannuna ta ce zancen rufin bene ya tsaya tsakaninmu, in na kai masa ba ta yafe ba, duniya da lahira. Daga ranar wankinmu ya koma safiyar Alhamis kamar na kowa. Rawayar hular da Yaya ya jefa a bayan ƙofa tun da aka koma shuɗi ta ɓace, ni kuma ban tambaya ba.

Yanzu sa'o'ina suna haihuwa, kafin jariri ya buɗe ido hotonsa ya gama zaga wayoyi, da sunansa cikakke da zanen zuciya a gefe. Ban ce sun yi laifi ba. Ina dai jin haushi idan na ji su suna cewa iyayen da ba su san soyayya ba. Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa haushina ban samu ba. Ustaz kai yake son karewa. Goggo ta mutu ba ta san abin da bakinta ya yi ba. Samarin katanga yanzu iyaye ne masu tumbi, in na haɗu da su suna gaishe ni da mutunci. Al'adar kuma, da ita aka raini Inna har ta zama macen da ta riƙe gida da garin dawa a ƙasar da ba tata ba, ina zan fara zagin ta? Sai haushin ya koma ya zauna a kan launin shuɗi, har yau ba na sa shi.

Wasan bai daɗe ba bayan haka. Kawu ya rasu, usur ɗinsa ya bi hannu har ya ɓata. Aka kewaye filin da kwano. Ɗalibai suka gama karatu suka koma gida, samarinmu suka watse, wasu ta jirgin sama, wasu ta teku. Mai-tsuntsu ta teku ya bi, ba a sake jin labarinsa ba. Yaya yana cikin waɗanda aka ba mafaka a Ireland. Ranar tafiyarsa ya durƙusa a gaban Inna, ta yi masa doguwar addu'a tana kallon bango. A cikin motar da ta kai mu filin jirgi ya ce min in kula da ita, da ma ni ce 'yarta. Bai faɗa da fushi ba. Da ya yi fushin da ya fi min sauƙi.

A can ya tarar da wani wasa da suke ce wa hurling, ɗan'uwan namu ne, da sanduna masu faɗin baki da ƙwallon da ke tashi sama kamar tsuntsu. Hannunsa ya riga ya san aikin, suka karɓe shi. Su ma suna sa hular kwano, mai waya a fuska, kuma kowa da launin da ya zaɓa. Hoton farko da ya aiko sai da na zauna a ƙasa. Rawaya ce a kansa. Na tambaye shi dalili, ya ce ita hannunsa ya faɗa a kai a kanti, shi ke nan. Matar wani abokinsa tana ɗaukar musu wasan daga wurin 'yan kallo, yana turo min. A lokacin idon Inna ya riga ya yi yana, hayaƙin kisra ya cinye shi, ko fuskata ba ta ganewa sai na matso. Amma launi mai ƙarfi tana ganinsa. Ranar farko ina kallo ta ce wai ta ji an ce ƙasar nan ciyawarta ba ta bushewa, in ba ta ta gani. Ta kai wayar dab da hancinta. Na ga ɗan yatsanta ya sauka a kan ɗigon rawaya, ya bi shi daga wannan gefe zuwa wancan. Da ya ƙare ta ce lallai ciyawa ce mai kyau, da akwai awaki da sun more. Tun daga nan duk mako sai ta nemi ganin ciyawa. Fuskarta ta cika, har waƙa na ji tana yi a kicin, abin da rabona da shi tun ina yarinya.

Sai ga saƙon nan na gardama. Wasu a ƙungiyar suna cewa a bar kowa da tasa don masu kallo su gane shi, wasu suna cewa launi ɗaya ya fi kama da ƙungiya. Yaya yana gaba-gaba a cikin na biyun. Har ya ba su labarin Alƙahira, yadda suka zama mutane ranar da suka sa shuɗi. Na ce masa ya bar rawayarsa, tana yi masa kyau. Ya yi dariya ya ce ni da waƙe-waƙena, komai sai na mai da shi baiti. Na sami Inna na roƙe ta ta kwance min alkawarin nan, ta ce ita ba ta san wane alkawari nake nufi ba, in duba miya kada ta kama.

Ran Juma'a ya kira mu ta bidiyo, yana ta zolayata a kan maganar. Inna tana zaune a bakin gado ta ba wayar kafaɗa, kamar kullum.

"To tambayi Inna mana ta raba mu," ya ce yana dariya, haƙoran da aka dasa masa sun fi sauran fari. "Ko da yake ita ba ta taɓa ganin wasana ba, ina za ta sani."

Ba Goggo, ba matan unguwa, ba mai dariya a cikin kofi. Mu uku ne kawai. Na ce a raina yau kam za ta faɗa, ko da a kaikaice ne, ko da ta ce rawaya ba ta nuna datti. Yaya ya ɗauka layi ne ya yanke, yana ta halo, halo.

"Ce masa," in ji Inna, "ya bi abin da jama'a suka bi. Baƙo ba ya ware kansa."

Ya ce tamam, ka ji maganar manya. Ya ce in gaishe ta, alhali tana jin sa.

Kore suka zaɓa, launin rigarsu. Bidiyon farko ya iso shekaranjiya da hantsi, ina tsinkar lalo. Inna ta ji ƙarar wayar, ta ce in ba ta ta ga ciyawa. Kore a kan kore. Ni ina gane shi, shi kaɗai ne baƙi a filin, ga shi can a gefen hagu yana ɗaga sanda yana neman a ba shi. Ita kuwa inuwoyi kawai take gani. Yatsanta ya yi ta yawo a kan gilashin, ya taɓa wannan, ya sake shi, ya taɓa wancan. Daga baya ya tsaya a kan wani dogo siriri, wani Bature da ban san ko ɗan wa ne ba, ya bi shi a hankali har bakin gola, ya dawo da shi.

"Ya rame," ta ce ƙasa-ƙasa, ba da ni take ba.

Na buɗe baki in ce ba shi ba ne, in kama yatsan in kai shi hagu. Amma yin hakan daidai yake da in ce na san wanda take nema.

"Sanyin ƙasar ne, Inna," na ce.

Ta gyaɗa kai. Ta ci gaba da bin ɗan mutane da yatsa har bidiyon ya ƙare, sannan ta miƙo min wayar ta ce in sake kunna mata.